Sawun da Ya Tuɓe Takalmi a Kufai

Mata masu neman itace ne suka fara ganinsa da hantsi, a bakin burtalin da ya bi ta arewacin Gidan Cindo ya nufi Ɗan Gulbi. Sallau yana kwance rub da ciki, sandarsa a ƙarƙashinsa, gorar ruwansa ko buɗe ta bai yi ba. Shanun gari kuwa, bijiman noma da shanun tatsa da ake haɗawa garke guda ana kiwonsu karɓa-karɓa, ko ɗan maraƙi ba a bari ba. An ji ƙarar bindiga da sassafe, amma kowa yana duƙe a gonarsa, gero ya fara tsiro, sai kowa ya ce wa ransa maharba ne.

Kafin a gama wanke gawa gari ya gama shari'a. Mutanen Gidan Cindo sukan yi wata suna shawarar yashe rijiya, amma wajen gano mai laifi babu wanda ya kama ƙafarsu. Ɓarayi ba su san ranar da garke ke bin burtalin arewa ba sai an faɗa musu, wannan kowa ya yarda. Sai wani ya ce ya ga sawun raƙumi a wurin. Wani ya tuna an ji Sallau da Agali suna sa-in-sa a bakin rijiya. Agali Buzu ne, ya yi shekaru yana kafa bukkarsa a bayan gari, matan garin ba su da cukun da ya fi na matarsa, amma duk wannan aka manta da shi nan take. Ana dawowa daga jana'iza samari suka je suka jawo shi, suka ɗaure shi a gindin dogon yaron ƙofar maigari.

Maigari ya kira jami'an tsaro na jandarma a Dakoro. Aka ce ruwa ya cika kori ya yanke hanya, sai gobe in ya janye. Samari suka ce su ba su san da wata kori ba, in la'asar ta gobe ta yi ba a kawo musu wani suna ba, za su yi abin da suka ga dama da wanda ke hannunsu. Maigari ya ga idanunsu, ya san ba wasa suke yi ba. Abin da ya iya samu a wurinsu shi ne su jira Jimrau.

Jimrau mai bin sawu ne, tsoho dogo marar son magana. Daga Mai Yara har Sabon Maci, in jaki ya ɓata ko an fasa rumbu, shi ake aika wa. Labarin ya same shi a Mai Yara, ya iso gab da magariba, an riga an binne. Mutuwar tasa ce, domin Sallau ƙanwarsa Dela ya aura, ta rasu tun da daɗewa ta bar ɗa guda, Nafi'u. Jimrau ya shiga ya dafa kan Nafi'u, ya yi addu'a, ya fito ya nufi gindin dogon yaro.

Igiyar ta riga ta ci wuyan hannun Agali. An ture masa rawani, abin da ya fi dukan ciwo a wurinsa. Jimrau ya ɗauko rawanin ya kakkaɓe, ya rufa masa a kai yadda ya iya.

"Ka bi burtali jiya?"

"Na bi, da marece. Taguwata ta ɓalle, na hau raƙumi na bi ta."

"Kai da Sallau hwa?"

"Kan guga ne. Ya ce raƙumana sun daɗe bisa kwamin ban ruwa, na ce shanunai sun hi su sha. Da sahe ya aiko mini da goro." Agali ya ɗago kai. "Jimrau, ɗiyana na can sun ga sa'ad da anka ja ni ƙasa. In za su kashe ni, ka ce musu kada su yi nan inda za su gani."

Wani saurayi da ke gadi da gora ya ce, "Kun ji ko? Da bakinai ya ce ya bi da marece. Ai da marece ɗan leƙen asiri ke zuwa duba wuri."

Jimrau ya dube shi. "Kai in za ka leƙa wa ɓarayi hanya, sai ka hau raƙumin da ko makaho ya san ƙahwatai?"

Saurayin ya kauda kai, amma bai ajiye gorar ba.

*

Da gari ya waye Jimrau ya fara da Harouna, domin ranar kiwo tasa ce, ba ta Sallau ba, kuma tun jiya ake ƙus-ƙus a kan haka. Ya same shi a ƙofar gida yana kwance amalanke, idanu jawur.

"Baba Jimrau, na san abin da ya kawo ka. Mai ɗakina ce naƙuda ta yi wa gardama. Jiya tun asuba na aza ta amalanke sai likita. Ina hita na iske Baba Sallau shina dawowa daga masallaci, na ce mishi ga halin da nike ciki. Ya ce tahi abinka, ni na kai su."

"Wa ya ji kuna wagga magana?"

"Ba kowa. Ko mutanen gidanai ba su sani ba, daga masallaci ya wuce ya kwance garke." Harouna ya zauna a kan hannun amalanken. "An samu ɗiya mace. Ban san ko in yi murna ba. A madadina ya mutu, Baba."

Jimrau ya yi masa barka, ya yi masa ta'aziyya, duka a numfashi guda. Yana tafiya yana juya maganar. Wanda ya ba ɓarayi labari bai san Sallau ne zai fita ba, ke nan Harouna aka shirya wa. Wannan ya wanke Harouna, amma bai kwance Agali ba.

Ya bar wurin da gawa ta faɗi, domin ƙafafun gari duka sun tattake shi. Ya yi nisa, ya zagaya, yana neman inda shi zai tsaya in da shi ne mai son ganin garke ba a gan shi ba. Wuri ɗaya ne, wata jigawa mai sabara a kai, daga can ana hango burtali da rijiya da bakin gari. Ruwan shekaranjiya ya share rairayi tas, duk abin da aka taka bayansa yana nan kamar a kan kwaɓaɓɓen gari.

A bayan jigawar ya samu sawun moto, babur mai faci a tayar baya, irin wanda ya gani a gefen sawun shanun da aka kora. Amma wannan ya girmi wancan, an yi shi tun ƙasa da danshi. Mutum biyu sun sauka sun tsuguna. Na uku ya zo a ƙasa daga wajen gari, da takalmin roba irin na kowa. A tsakaninsu an yi zane da yatsa, an shafe da tafin hannu cikin gaggawa, shafewar ba ta gama ba. Ga dogon layi, burtali ke nan. Ga ɗan rami, rijiya. Ga wani layi da ya kauce ya bi bayan gonaki, ta inda za a kora shanu ba a ratsa ƙauyen kowa ba. Wanda ya zana wannan ya san ƙasar nan kamar tsakar gidansu. Daga nan mai takalmin ya hau jigawa ya kwanta a cikin sabara, ga gurbin gwiwar hannunsa, ya daɗe yana kallon gari.

Jimrau ya bi shi. Mutumin ba wawa ba ne. Yana taka ciyawa inda akwai ciyawa, yana shiga sawun amalanke inda akwai, sau da yawa sai Jimrau ya tsuguna ya karkata kai kafin ya sake kama shi. Bai koma gari ta hanyar da ya fito ba, ya yi gabas, ya faɗa kufai.

Kufan nan shi ne Gidan Cindo na da. Tsohuwar rijiya ce ta rufta, gari ya tashi ya koma inda yake yanzu, rairayi ya cinye sauran. Yau babu abin da ke wurin sai sabara da aduwa guda. Fatake da baƙin makiyaya suna ratsawa da dabbobinsu, ba su san a kan me suke tafiya ba.

A nan sawun takalmi ya tsaya. Ƙafa biyu a jere, sannan babu. Gaba kaɗan sai ga sawun ƙafa tsirara.

Jimrau ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi aduwar, ya dubi gabas, ya gane inda yake. Daidai nan shingen tsohuwar maƙabarta ya tsaya a da. Babu shinge, babu tudun kabari, ko fasasshiyar tukunya ba a gani, amma mutumin ya tuɓe takalmi, domin haka aka koya wa kowane ɗan garin, ba a shiga wurin mamata da takalmi. Mutumin da ya yi rabin yini yana ɓoye sawunsa ya zo nan ya manta da komai.

Jimrau ya tuɓe nasa ya bi. Sawun bai miƙe ba, yana kaucewa nan da can, yana bin tsakanin kaburburan da ido ba ya gani. A kudu da aduwa ya durƙusa. Ga gurbin gwiwoyi biyu. An cire ƙarangiyar da ta fito a wurin an tara gefe, an shafa rairayin da hannu an daidaita shi.

Jimrau bai buƙaci tambayar kowa kabarin wane ne ba. Shi ya haƙa shi, shi ya shiga ya karɓi Dela ya kwantar da ita. Maza uku ne a duniya za su durƙusa a nan. Ɗaya jiya aka binne shi, kuma ƙafar Sallau gajeriya ce mai faɗi. Ɗaya shi ne a tsaye. Ya sa ƙafarsa a gefen sawun ya danna, ya ɗaga. Doguwar ƙafa, yatsa na biyu ya ɗara babban. Ƙafar gidansu ce, ya gan ta a ƙafar mahaifinsu, ya gan ta a ta Dela.

Ya zauna a ƙasa. Baƙin ciki ya danne shi. Nafi'u ne, yaron da ya goya a kafaɗa ranar da aka binne uwarsa, wanda ya tafi haƙar zinariya Jado ya dawo bara hannu wofi, yana zama a bakin tasha yana kallon masu kabu-kabu kamar mai jin yunwa.

Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa sabara. In ya sauka, ba sawu, ba zane, ba gurbin gwiwa. Babu wanda ya san abin da Jimrau ya gani sai shi. Ya daɗe a zaune yana kallon hadarin, har inuwar aduwa ta janye daga kansa. Sannan ya cire malafarsa ya kifa a kan sawun, ya tara rairayi a bakinta don kada iska ta ɗauke, ya tashi ya nufi gari kai babu komai.

*

Nafi'u yana kan tabarmar makoki a ƙofar gidansu, yana karɓar gaisuwa. Ya rame a kwana guda, leɓunansa sun bushe. Jimrau ya jira mutane suka ragu, ya zauna kusa da shi. Takalmin roba yana gefen tabarma, ƙafafun a miƙe.

"Ka ci wani abu?"

"Ba ya shiga, Kawu."

"Yaushe rabonka da ziyarar innarka?"

Nafi'u ya janye ƙafafunsa ya lanƙwashe su a ƙarƙashin riga. "Tun da na dawo ban je ba. Ban ma iya gane wurin."

"To." Jimrau ya dubi wajen ƙofar maigari. "Agali na can ɗaure. La'asar sunka ce. Ɗiyanai ƙanana ne, ka san su."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. Jimrau ya ba shi lokaci, ya ba shi fiye da yadda ya kamata. Da ya ga ba zai yi magana ba, ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Maigari na kira. Taso mu tahi tare."

*

Ƙofar maigari ta cika. Samari sun zo da gora da adda, tsofaffi suna zaune a tabarmi da liman a tsakiya. Harouna yana tsaye a gefe, kowa yana satar kallonsa. Agali ya daina ɗaga kai.

"Jimrau, mi ka gani?" in ji maigari.

"Ranka shi daɗe, raƙumin Agali ya bi burtali ya wuce, bai tsaya ba, bai gamu da kowa ba. Harouna kuwa shi anka shirya wa, Allah ya kauda shi. Wanda ya kai ɓarayi a ƙasa ya je. Ya gamu da su bayan jigawa, ya zana musu burtali da rijiya da hanyar bayan gonaki."

"Buzu ba shi da ƙahwa ne?" wani ya yi ihu daga baya. "Sai shi sauka shi taka!"

"Shina da ita. To amma wanga mutum ya biyo ta kuhwai, da ya kawo inda shingen maƙabarta yake a da, sai ya tuɓe takalmi." Jimrau ya juya wajen samarin. "Cikinku wa ya san inda shingen yake? Agali ya zo garin ga bayan an tashi. Kullum raƙumanai na kiwo bisa kakanninmu, bai sani ba."

Liman ya ajiye carbinsa.

"Ya shiga ya durƙusa kudu da aduwa. Ya cire ƙarangiya, ya gyara wurin da hannunai. Na kihwa malahwata bisa sawun, wanda ke so shi je shi gani kahin ruwa."

Samari ba su gane ba, amma tsofaffi sun gane, domin da su aka yi jana'izar. Ɗaya bayan ɗaya suka juya, ba su son juyawa, suka dubi Nafi'u. Liman ya ce innalillahi a hankali.

Nafi'u ya zame ya zauna a ƙasa.

"Ranar Harouna ce," ya ce. "Kawu, ranar Harouna ce! Sun rantse mini ba su taɓa kowa, ɗaure shi kawai za su yi su kora shanu. Moto sunka ce za su ba ni. Ban san Baba zai hita ba. Wallahi ban sani ba."

"Ni ke nan ba komai," in ji Harouna. "Tare munka yi karatun lakwal, Nafi'u."

Nafi'u bai ko ji shi ba. "Na so in wuce, Kawu. Na san sawu zai nuna. Ƙahwata ce ta ƙi wuce Inna."

Sai wurin ya yamutse. Gorar da aka tanadar wa Agali ta juya, samari suka yunƙuro. Jimrau ya riga su. Ya tsaya a kan yaron, ya buɗe hannuwa, tsoho ba ko sanda.

"Ni na kawo shi, ni zan miƙa shi ga hukuma. Mai son taɓa shi shi hwara da ni. Jiya kun kusa kashe mutum banza, bai ishe ku ba?" Ya nuna gindin dogon yaro da haɓa. "Ku kwance bawan Allah."

Babu wanda ya motsa, kunya ta riƙe kowa. Maigari da kansa ya tashi ya kwance igiyar. Agali ya kasa tsayuwa, sai da Harouna ya tallafe shi.

Jimrau ya zauna a ƙasa kusa da ɗan ƙanwarsa, ya riƙe masa hannu, haka suka zauna har motar jandarma ta iso da taɓo har rufinta. Nafi'u ya faɗa musu sunayen da ya sani da inda aka ce za a kai shanun. Da za a sa shi a mota ya waiwayo yana neman idon kawunsa, Jimrau ya kasa dubansa. Motar ba ta ɓace ba ruwa ya sauko.

*

Ranar sadakar uku babu ɗan da zai zauna a tabarma, sai Jimrau ya zauna. Mutane suna zuwa, suna yin addu'a a gajarce, suna tashi da sauri, domin babu wanda ya san abin da ake ce wa mutum irin wannan. An daka gumba an raba, yawancinta ta kwana a ƙwarya.

Da hantsi sai ga Agali. Ya naɗa rawaninsa tsaf, hannuwansa a kumbure. A bakin hanya raƙumansa suna durƙushe, an ɗora musu bukka da tabarmi da yara. Ya tsuguna a gaban Jimrau, suka shafa fatiha.

"Tahiya za ka yi?"

"Arewa. Mai ɗakina ta ce ba ta iya ɗibar ruwa rijiya guda da su kuma." Agali ya dubi hannuwansa. "An ce mini kai kaɗai ka ga sawun. Da ka yi shiru, ruwa ya wanke, ba mai sani."

"Na yi shiru, Agali." Jimrau ya dubi ƙasa. "Na zauna bakin kabarin nan ina roƙon Allah shi sauko da ruwan. Kana can ɗaure, ni ina can ina roƙo. Da na ga bai sauko ba na tashi."

Raƙumi ɗaya ya yi kuka a bakin hanya, matar Agali ta kira shi. Ya miƙo kumburarren hannunsa ya kama na tsohon, ya riƙe.

"Allah shi ba ka haƙurin su biyu," ya ce.

Jimrau ya buɗe baki zai ce amin, kuka ya riga shi.